"Oga, Babu Matsala In Haɗa?"



Hunturu ya kankama, hazo ya sauko. Duk majalisar da ka zauna, wani na atishawa, wani na murza ido, wani na sosa wuya. Kasuwar Piriton ta buɗe ke nan. Shi ya sa yau na ga ya kamata mu yi magana a kan wata tambaya da na taɓa ji da kunnena, wadda har yanzu ba ta bar raina ba.

Shekarun baya ne, tun masu sayar da magani na cike da layukansu a Kasuwar Sabon Gari, wadda a takarda ake kira Kasuwar Muhammadu Abubakar Rimi. Ina tsaye a wani shago ina jiran canji, sai ga wani saurayi, ƙirji a buɗe irin na masu ɗaga ƙarfe, hanci na zuba, ido jawur. Ya ce a ba shi Piriton. Har an miƙo masa, sai ya zaro wata ƙatuwar roba daga leda, irin garin nan na gina jiki, ya ce, "Oga, ina shan wannan amino ɗin, babu matsala in haɗa?" Mai shagon ko karɓar robar bai yi ba, balle ya juya bayanta. Ya ce, "Ba komai abokina, ai wannan abinci ne, ba magani ba ne." Ya karɓi kuɗinsa, ya juya wurin na gaba.

Abin da ya fi damuna shi ne, ta yiwu amsar nan daidai ce. Amma daidai ce irin ta wanda ya yi jifa cikin duhu ya dace. Bai san abin da ke cikin robar ba, bai san abin da yaron ya sha da safe ba, bai san ko daga nan babur zai hau ba.

Bari mu fara da sanin su waye waɗannan biyun, maganin alaji da amino asid. Abin da muke kira alaji, wato jiki ya yi bore a kan abin da bai kai ya kawo ba, kamar ƙura ko gashin kyanwa ko wani abinci, yana faruwa ne idan wasu ƙwayoyin garkuwar jiki suka saki wani sinadari mai suna histamin. Shi ke sa hanci zuba, shi ke sa ƙaiƙayi, shi ke tayar da borin jini, fata ta yi rudu-rudu. Tun 1910 wasu masana biyu a Ingila, Henry Dale da Patrick Laidlaw, suka bayyana aikinsa a jiki. A 1937 kuma, a Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris, Daniel Bovet da abokan aikinsa suka gano sinadarin farko da ke tare masa hanya. Duk wani maganin alaji da ke kan kanta a Kano yau, jikan wancan aikin ne.

Amino asid kuwa su ne tubalan da ake gina furotin da su, wato sinadarin gina jiki da ke cikin nama, ƙwai, kifi, madara, wake da awara. Guda 20 ne jiki ke aiki da su, 9 daga ciki ba ya iya ƙera su da kansa, sai dai daga abinci. Su ake tacewa a zuba a kwalba ko a roba, a sayar wa mai jinyar da ya farfaɗo, da mai ɗaga ƙarfe, da mai neman cika ido. Wanda ya fi shahara a gidajenmu shi ne irin su Astymin, da ake saya wa mara lafiya a kai masa tare da lemo da ayaba.

Ga abin mamakin: shi kansa histamin ɗin, daga wani amino asid mai suna histidin jiki ke ƙera shi. Kada wannan ya tsorata kowa, don cin wake ba ya tayar da borin jini ta wannan hanya. Jiki na ajiye histamin ne a rufe, sai an tsokane shi yake saki. Amma akwai inda wannan dangantaka ke fitowa fili, kuma a kasuwa ne. Kifin ƙanƙara irin su titus yana da histidin da yawa a namansa. Idan wuta ta ɗauke, kifin ya narke ya jima a zafi, ƙwayoyin cuta na juya histidin ɗin ya koma histamin, kuma suya ba ta kashe shi. Mutum ya ci, cikin ɗan lokaci fuska ta yi ja, kai ya sara, jiki ya ɗau ƙaiƙayi. Sai ya rantse kifi ba ya karɓarsa, alhali kifin ne ya kwana a inda bai kamata ba.

To, mu koma ga tambayar saurayin. Amsar gaskiya ita ce, ga baligi mai lafiyar ƙoda da hanta, wanda ke shan sababbin magungunan alaji irin su loratadin ko setirizin, miligiram 10 sau ɗaya a yini, haɗa su da amino asid na yau da kullum kamar laisin, ko garin nan na masu motsa jiki, ba a san shi da wata babbar illa ba. Wannan na faɗe shi ne don kada wani ya je ya zubar da abin da likita ya rubuta masa. Inda gizo ke saƙa shi ne, a kasuwarmu da wuya a sami abu biyu kaɗai. Kullum akwai na uku, kuma na ukun nan shi ne ba a faɗa.

Na farko dai, Piriton ba sabon magani ba ne. Sunansa na asali kulofeniramin, yana cikin tsofaffin da ke ratsawa har ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake sa barci. Ƙa'idarsa ga babba ƙwaya ɗaya mai miligiram 4 duk bayan awa 4 zuwa 6, kada a wuce ƙwaya 6 a yini. Amma mutum nawa ne suka san cewa magungunan mura da ake sayarwa a kati, irin su Procold, akwai wannan kulofeniramin ɗin a cikinsu? Mutum ya sha na mura, ya ɗora Piriton, da dare ya kurɓi maganin tari wanda shi ma akwai ɗan'uwansa a ciki. A zatonsa magani uku ya sha, alhali abu ɗaya ya ninka. Yanzu a ƙara masa da amino asid mai suna tiriftofan, ko ɗansa da ake rubutawa 5-HTP, waɗanda ake tallata su a matsayin maganin rashin barci da damuwa. Barci a kan barci ke nan. In mai gadi ne, an yi asarar dare. In direban adaidaita sahu ne da zai ratsa Titin Faransa da fasinja a baya, ko mai injin markaɗe, ko mai yankan katako, maganar ta wuce ta barci.

Wannan tiriftofan ɗin shi ne wanda nake so mu ɗan daɗe a kansa, don shi ne ainihin inda haɗin ke iya zama haɗari. Daga shi jiki ke ƙera sirotonin, sinadarin da ke da hannu a barci da walwala da motsin hanji. Shi kuma kulofeniramin, ban da aikinsa na tare histamin, yana ɗan hana jijiyoyi kwashe sirotonin ɗin bayan ya gama aiki. Ɗaya na ƙara ruwa a randa, ɗaya na toshe magudana. Su biyun kaɗai, a ƙa'idar sha, da wuya su cika randar. Amma a kawo na uku: taramol. Kowa a garin nan ya san yadda taramol ta shiga jikin matasa da masu aikin ƙarfi, kuma ita ma tana tara sirotonin. Haka magungunan damuwa da likitocin ƙwaƙwalwa ke rubutawa, irin su fuluoksetin da amitiriftilin. Haka sinadarin dekstirometofan da ke cikin yawancin magungunan busasshen tari, waɗanda suka ƙara samun kasuwa tun da gwamnatin tarayya ta hana kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken nan na BBC. Idan waɗannan suka taru a jiki ɗaya, randa na iya ambaliya. Mutum ya fara rawar jiki, gumi ya karyo masa, zuciya na dukan tara-tara, tsoka na fizga, ga gudawa, ga zazzaɓi, ga ruɗewa. A gidajenmu abin da za a fara cewa shi ne maleriya ta hau kai, ko kuma iska ce. A asibiti kuwa sunansa gubar sirotonin, kuma yana kisa idan aka yi jinkiri.

Kuma wane saurayi ne zai tsaya a gaban kanta, mutane na jinsa, ya ce, "Af, na manta, da safe na sha taramol"?

Akwai wani tarihi da ya kamata masu cewa "ai abinci ne" su sani. A 1989, a Amurka, mutane suka fara zuwa asibiti da matsanancin ciwon tsoka da wani irin sauyi a jininsu. Likitoci a jihar New Mexico ne suka lura cewa marasa lafiyar duk suna shan tiriftofan da suka saya da kansu, ba da takardar likita ba. Fiye da mutum 1,500 suka kamu, sama da 30 suka mutu. Da aka bi sawu, sai aka tarar da yawancin kayan sun fito daga kamfani ɗaya a Japan, Showa Denko, inda aka sami gurɓatattun sinadarai a cikinsu bayan an sauya hanyar sarrafawa. Ku lura, wannan a ƙasar da ke da hukumomi da ɗakunan gwaji ne. Sunan da ke jikin kwalbar daidai ne, abin da ke ciki ne ya zo da baƙo. To ina ga robar da aka shigo da ita cikin jaka, babu lambar NAFDAC, rubutun jikinta da harshen da ko mai sayarwa ba ya iya karantawa, ta kuma sha zafin Afrilu na Kano da ke haura digiri 40, alhali yawancin magunguna an rubuta a ajiye su ƙasa da 30?

Shi ma ɓangaren maganin alajin yana da nasa tarihin. An yi wani mai suna Seldane da ya yi tashe a duniya saboda ba ya sa barci. Shi kaɗai lafiya lau. Amma idan ya haɗu da maganin ƙwayoyin cuta eritiromaisin, ko ketokonazol na maganin makero, sai hanta ta kasa sarrafa shi, ya taru ya rikita bugun zuciya. A ƙarshen shekarun 1990 aka janye shi daga kasuwa. Nan ma abin da aka ɗora a kai ne ya yi ɓarna.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi gani a unguwanninmu, wanda a ganina ya fi na masu ɗaga ƙarfe yawa nesa ba kusa ba. Maganin alaji da amino asid, mu a nan ba ma sai mun haɗa da hannunmu ba, a haɗe ake sayar mana a kwalba ɗaya. Ina nufin maganin ƙiba, wanda 'yan mata da amare ke kira sha-ka-fashe. Ɗauki Apetamin, wanda wani kamfanin Indiya ke yi. Juya bayan kwalbar: akwai laisin, amino asid, akwai wasu bitamin, sannan akwai saifuroheftadin, miligiram 2 a duk ƙaramin cokali. Wannan na ƙarshen maganin alaji ne, tsohon yayi, ɗan gidan su Piriton. Buɗe cikin da yake yi, illarsa ce ta gefe aka mayar sana'a. Laisin da bitamin ɗin su ne kwalliyar da ke sa uwa ta ɗauka abin gina jiki 'yarta ke sha. Wanda ke aikin shi ne saifuroheftadin ɗin, kuma shi ke sa barcin da ba ya ƙarewa, da jiri, da bushewar baki, da gani dishi-dishi, kuma an sami rahotannin waɗanda hantarsu ta taɓu. BBC ta yi shiri a kan Apetamin a 2021, hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a kansa a 2023, kuma ba shi da lasisin sayarwa a Ingila ko Amurka.

Ka ga yarinyar da ke shan wannan sau uku a yini saboda biki ya matso, in hazo ya tayar mata da atishawa ta ɗora Piriton, to maganin alaji biyu ta haɗa ba ta sani ba. Mafi muni, masu haɗin ƙiba kan ƙara da deksametazon, wanda ke kumbura fuska ta yi kamar wata, ya tara ruwa a jiki, ya jawo hawan jini da ciwon suga, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Kuma wadda ta daɗe tana sha, tsayawa farat ɗaya ma haɗari ne, sai likita ya rage mata a hankali. Garin neman ƙiba a samo rama, in ji Hausawa, sai dai wannan ramar a ƙoda da hanta take, ba a kumatu ba.

Ni a wurina, laifin ba na 'yan matan nan ba ne su kaɗai. Mu ne muke zama a gidan biki muna cewa amarya ba ta ciko ba. Dangin ango ne ke tambaya ko ba a ba ta abinci a gidansu. Amma wannan sharhin wata rana ne.

Abin dariya a nan, laisin ɗin da ake saye da tsada, yana nan jibge a wake. Gero da dawa da masara da shinkafa ba su da shi da yawa, wake kuwa yana da shi. Wato garau-garau da ɗanwake da alala da ƙosai da koko, haɗi ne da iyayenmu suka daidaita tun kafin a san sunan amino asid. Mai lafiya da ke samun wake da ƙwai da ɗan kifi ko awara, ba ya buƙatar kwalbar.

Sauran abubuwan zan bi ta kansu da sauri. Garin gina jiki da yawa daga ruwan madara ake yin sa, wani daga waken suya. Wanda jikinsa ba ya karɓar madara, yana iya zama garin ne ke tayar masa da borin jinin da yake shan magani a kai, ya yi ta ɗiban ruwa da kwando. Ajinin, amino asid ɗin da ake tallata wa maza, yana saukar da jini; a haɗa shi da maganin hawan jini ko maganin ƙarfin maza da kuma maganin alaji mai sa jiri, mutum ya miƙe tsaye ya ga duhu. Mai ciwon ƙoda, setirizin ta ƙoda yake fita, kuma tulin furotin nauyi ne a kanta, don haka duka biyun sai da awon likita. Dattijon da fitsari ke masa wahala, da mai hawan jinin ido, tsofaffin magungunan alaji na iya tsananta musu. Yaro ƙasa da shekara 2 ba a ba shi Phenergan, wanda shi ma tsohon maganin alaji ne, ko da kuwa kuka ya hana gida barci. Mai ciki da mai shayarwa su tambaya a wurin awo. Mai shan maganin alajin nan feksofenadin kuma ya sha da ruwa zalla, don ruwan lemo da na tuffa da maganin gyambon ciki mai ruwan alli suna rage shigarsa jini.

A watan Fabrairun 2024, bayan hukuncin Babbar Kotun Tarayya da ke Kano, hukumar NAFDAC da Majalisar Kula da Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya sun rufe shagunan magani 1,321 a Kasuwar Sabon Gari da Malam Kato da Titin Neja, aka ce dillalai su koma cibiyar sari ta Kanawa da ke Dangwauro a kan titin Zariya. An yi ta ce-ce-ku-ce, 'yan kasuwa na kukan tsadar shaguna da nisa, hukuma na maganar jabu da ajiya. Ina ganin hukuma ta yi daidai a kan ajiya da bin sawun kaya. Amma Dangwauro wurin sari ne. Ta gyara hanyar da kwali ke bi, ba ta taɓa al'adar "haɗa mini na ɗari biyar" ba, inda ake ɓare ƙwayoyi kala-kala a ƙulle a leda babu suna babu kwali. Ba ta kai ga mai tura baro da magani a rana ba, ba ta kai ga masu tallar kayan gyaran jiki a WhatsApp da TikTok ba, waɗanda yanzu su ne manyan kemis na 'yan mata. Kuma kayan ƙarin gina jiki, da yake ana musu kallon abinci, har a kantin kayan masarufi ana jera su kusa da madara.

Ko lambar NAFDAC ma, a fahimce ta da kyau. Tana nuna an yi wa kaya rajista ne. Ba ta san me ka sha da safe ba.

Da mai shagon nan ya karɓi robar ya juya bayanta, tambaya uku sun ishe shi: me kake sha ban da wannan, kana da wani ciwo da ake duba ka a kansa, kuma tuƙi za ka yi? Minti ɗaya ba za ta cika ba. In ya ga tiriftofan ko 5-HTP a jiki, ya ce a dakata. In yaron direba ne, ya ba shi loratadin maimakon Piriton. Tunda kuwa ba kowane mai kanta ne zai yi hakan ba, kai mai saye ka zuba duk abin da kake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya, har da wanda kake jin kunyar faɗa, ka kai wa ƙwararren mai harhaɗa magunguna, irin waɗanda ke da lasisi a manyan kantunan magani ko a sashen magani na asibiti. In za ka fara sabon abu, fara ɗaya, ka ba shi kwanaki kafin ka ƙara wani, don in jiki ya yi bore a san mai laifi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran shawara. Idan bayan cin wani abu ko shan wani magani leɓe ko harshe ya kumbura, murya ta shaƙe, numfashi ya fara sarƙewa, ko mutum ya yi luuu zai faɗi, wannan ya fi ƙarfin Piriton. Allurar adirenalin ake yi masa, kuma a asibiti take. Daga Fagge ko Sabon Gari, Asibitin Murtala ba nisa. A sa shi a mota ko adaidaita nan take, a tafi da kwalbar da katin ƙwayar da ya sha a hannu, likita na buƙatar ganinsu.